Ƙafar Zabo a Jikin Jirgi

Yanzu jirgi sai ya ratsa saman Tahoua ba wanda ya ɗaga kai. Ina zaune ƙofar gida, jirgi na ruri bisa kanmu, jikokina kuwa idonsu na kan waya, ko gezau. In na ce musu, "Kai, ba ku ji ba?" sai su ce, "Kaka, ai jirgi ne kawai." Kawai! A namu zamani, in kunne ya tsinto wannan rurin daga nesa, mai daka sai ta saki taɓarya, mai jan ruwa ya saki wasaki cikin rijiya, mu yara mu kwasa a guje muna ihu muna ɗaga hannu, har sai ya zama ɗan ɗigo ya ɓace. Daga nan gardama ta tashi, wane ya ce fari ne, wane ya ce baƙi ne, a kwana uku ana abu ɗaya.

Ƙauyenmu na can arewa, wajen Takanamat. Ban iya kawo safiyar garin a raina ba tare da ƙarar turame da kukan jakuna ba. Aikina tun ina ƙarami shi ne jakuna, in kai su rijiya, in kai su kiwo, in ɗebo musu harawa. Kowace jaka ta gidanmu tana da shaida a cinya, wadda Baba ke ɗora mata da ƙarfe mai zafi: ƙafar zabo, yatsu uku, da ɗigo biyu a ƙasan dunduniya. Ita ce a jikin ƙwaryar awonmu, ita ce a ƙotar gatarinmu. Baba ya kan ce, "Duk inda kunka ga wagga shaida, ko cikin kasuwar Abzinawa ne, ku tsaya, namu ne." Yau wa ke wannan? Dabba ta ɓata sai a ɗauki hotonta a watsa cikin waya.

In an gama girbi, kara ya bushe, sai mu shiga sana'armu ta ƙera jirage. Mu fere ɓawon kara, mu yanka totuwar ciki, mu soke da ƙaya. A duk garin ba wanda ya kai wana, Magaji, iya wannan aiki. Jirginshi har farfela gare shi mai juyawa in ka ruga da shi. Hannunshi ba ya zama banza, fitilar da ta mutu ya tashe ta, keken mai gari ya kwance shi ya mayar. Shi ya koya mini riƙon wuƙa, kuma shi ke cetona duk lokacin da na yi laifi, don ni tun asali ba ni jin magana. In anka ce a tsaya nan, can za ka same ni.

Baba ya so Magaji ya gaje shi a gona. Magaji kuwa ya ji ana ɗaukar soja, ya ce shi gyaran jirgi zai koya. Anka yi ta ja har ranar da ya ɗauki ƴar jakarshi ya fita. Baba ya tsaya bakin zaure ya ce, "Ka tahi da ƙafarka. To kada ka aiko mini da takarda, ba ni karɓa." Kuma bai karɓa ba. Wasiƙa ta zo sau biyu, sau biyu yana mayar da ita ko buɗewa ba a yi ba. Daga nan ba ta ƙara zuwa ba.

Sai shekarar yunwa ta zo. Ba ni son tsawaita maganarta, wanda ya gan ta ya sani. Rumbuna sunka zama wofi, jakunanmu sunka rage saura guda. A cikin wannan hali ne na fara jin Baba na ambaton Magaji, amma da ɗaci. Ya kan ce, "Shina can shina cin shinkafar gwamnati, ya manta da an haife shi." Wallahi wannan magana ta fi yunwar yi mini ciwo.

Da labari ya zo cewa jirgin soja na kawo dawa Tahoua, anka tura ni da jakar nan da ta rage. Ban kai ga aske gemu ba a lokacin. Kwana biyu muna tafiya. A filin jirgi na tarar da jama'a sun yi layi gefe guda, soja na tsare da su, ga manya cikin manyan riguna. Sai ga jirgin ya sauko, ƙato mai ciki kamar rumbu, da wutsiya biyu. Ƙasa har rawa take. Jakata ta firgita, ta fizge igiya, ta zagaya ta bayan jirgin ta nufi ɗaya gefen, inda ba kowa. Ni kuwa na bi ta, ana kira ina ƙara gudu. Na kama ta dab da jirgin, na ɗaga kai don in ga inda direba ke zama. A ƙasan tagarshi akwai wata ƴar ƙofa da ba ta fi faifai ba. A jikinta, da farin fenti, girman tafin hannu, ga ƙafar zabo, yatsu uku, da ɗigo biyu a ƙasa.

Na tsaya, kamar yadda Baba ya ce a tsaya. Ban san ko minti nawa na yi ba, sai dai na ji soja ya daka mini tsawa ya ɗaga bulala. Na ce, "Wa ya yi wanga zane?" Ya ce in ɓace mishi da gani. Na koma layi, na karɓi rabonmu na jar dawa, na kamo hanya ina tafe ina dariya ni kaɗai.

Ko kaya ban sauke ba na ce, "Baba, Magaji ne ya aiko da dawar! Na ga shaidarmu a jikin jirgi!" Marin da na sha ranar har yau in na tuna sai kunnena ya yi ƙara. Ya ce, "Yunwa ta taɓa maka ido, ko kuwa ƙarya ka koyo a birni. Jirgin gwamnati jakar ubanka ce?" Na ce na gani. Ya ƙara mini. Na ce wallahi na gani. Yayarmu mace, wadda ke bin Magaji, tana bakin murhu, ta ce, "To, Nagani, zo ka sauke buhu." Shi ke nan, suna ya kama ni. Kafin sati ya zagayo duk garin Nagani suke ce mini, kuma in wani ya shara ƙarya a dandali sai a ce, "Wanga labarin Nagani ne." Inna kaɗai ta same ni bayan rumbu ina kuka, ta ce a hankali, "Ɗigo nawa?" Na ce, "Biyu." Ta juya ta koma ɗaki.

Kafin damina ta biyu anka kawo mana akwatin kayan Magaji. Zazzaɓi ne ya ɗauke shi a can babban birni. Baba ya karɓi gaisuwa ido a bushe. Ya rayu shekaru bayan nan, ya tafi kabari yana riƙe da cewa ɗanshi ya manta da shi, ni kuma maƙaryaci ne. Inna ma ta bi shi. Ni na baro ƙauye na zo Tahoua na koyi fenti. Na yi wa manyan motoci zane, na rubuta allunan shaguna, na koyi boko a bakin buroshi. Na yi aure, na haifa, na aurar. Amma sunan nan bai sake ni ba, ko jikokina sun san shi, kuma duk ranar da anka kira ni da shi sai na ji kamar an taka mini gyambo.

Maƙwabcina malamin lakwal ne, wato makarantar boko, da ya yi ritaya, shi ya sa har yau Mushe muke ce mishi, yadda ake kiran malamai da Faransanci. Kirista ne, mutumin kudu, aiki ya kawo shi ya zauna. Shekara talatin muna shan shayi tare muna musu, ni na yi wa ƙofar cocinsu fenti, shi ke fara shigo mini barka da salla. Wata rana da hantsi ya shigo da kwali a hammata ya ce, "Malam, ɗana ya aiko mini da aikin tsufa daga Turai. Ni kuwa hannu na rawa. Ka zo mu haɗa, kai ka yi fenti." Na karɓi kwalin na duba hoton da ke kai. Gabana ya faɗi. Mai wutsiya biyu ne, shi ɗin dai, da ƙaton cikinshi.

A ciki gutsattsarin roba ne masu yawa, kowane da lambarshi, a haɗa da gam. Mushe ya ce an rage jirgin sau saba'in da biyu, kome da kome daidai, har ƙusoshin jiki. Akwai ƴar takarda ta tutoci da haruffa da ake jiƙawa a ruwa a manna, amma duk na ƙasashen Turawa ne. Mushe ya ce, "Mi za mu yi da tutar wasu? Namu za mu yi." Na ce, "Ba namu kawai ba. Wanda ya kawo dawa shekarar yunwa za mu yi." Ranar na ba shi labarin da na daina bayarwa tun ina saurayi. Bai yi dariya ba, na ba shi wannan. Cewa ya yi, "To, sai mu bincika. Ni ba na shafa launin da ban ga hujjarshi ba."

Haɗa jirgin bai ɗauke mu sati uku ba. Launi ne ya sha mu. Ni da na yi shekara arba'in ina dama fenti na ɗauka abin wasa ne, ashe ban san kome ba. Tsofaffin hotuna baƙi da fari ne, kore da ja duk toka suke fitowa. Masu launin kuma sun koɗe sun koma rawaya. Hoto ɗaya a wayar Mushe ya fito kore, a tawa ya fito shuɗi-shuɗi. Munka je wurin tsofaffin soja inda suke taruwa da safe. Ɗaya ya ce jirgin fari ne tas yana ƙyalli. Wani ya ce, "Ƙarya kake, dabbare-dabbare ne, kore da toka." Na uku ya ce shi dai ya san cikinshi da zafi. Sunka kusa dambe da sanduna. Daga baya munka gane dukansu gaskiya gare su, jiragen ne ba ɗaya ba, kowane da rigarshi da haruffanshi a wutsiya.

Mushe ya ce, "Ka tuna haruffan naka?" Na ce, "Haba Mushe, a lokacin ko alif na boko ban sani ba." Amma na tuna siffar na ƙarshe, don ya yi mini kama da itacen bakin rijiya, sanda biyu a tsaye da guda a gicciye. Na zana mishi a ƙasa. Ya buga cinya ya ce wannan ai harafi ne, ya ishe mu. Ya samu wani tsohon Bature a waya, mai irin wannan haukan namu, da ya tara hotunan jiragen Afirka cike da ɗaki. Mushe na rubuta mishi da Faransanci, yana aiko mana. Munka gano jirgina, mai dabbare-dabbaren ne. Murna ta kama ni, sai dai ba ta daɗe ba. Duk hotunan gefen hagu sunka nuna. Ta nan ƙofa take, ta nan manya ke sauka, mai hoto kuwa inda manya suke nan yake tsayawa. Ni gefen dama na gani, gefen da jaka ta kai ni.

Wata huɗu muna jira, sai Baturen ya tono hoto guda na gefen dama. Mushe ya kawo mini shi an buga a takarda, yana tafe yana jan ƙafa. Na sa tabarau. Ga tagar direba, ga ƴar ƙofar a ƙasanta. Ba kome a jikinta, fes.

Mushe ya zauna ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. Yaro ne kai, ga yunwa, ga kewar ɗan'uwa. Ido na yin haka, ba ƙarya ba ce." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Kai ma ka bi sahunsu? Ɗauki jirginka ka fita." Ya fita, ya bar jirgin da hoton. Kwana shida ban gaishe shi ba, ni da ko mura ya yi sai na leƙa. A cikin kwanakin nan na fara tambayar kaina abin da ban taɓa tambaya ba, ko dai Baba ne ke da gaskiya? Wannan tunani ya hana ni cin abinci.

Ran na bakwai na fito da hoton cikin hasken rana, ba don kome ba sai don in yi bankwana da shi. Sai idon sana'a ya ga abin da idon zuciya bai gani ba. Ƴar ƙofar ta fi abin da ke kewaye da ita duhu kaɗan. Fentin jikin jirgin ya sha rana ya kwanta, nata kuwa sabo ne. Na yi wa motoci faci ya fi a ƙirga, na san faci in na gan shi. Na tura ƙofar Mushe ko sallama ban gama ba, na ce, "An shafe ta! Dubi nan, an shafe ta!" Ya duba ya ce, "Ko kuwa gyara anka yi mata." Na ce, "Kai dai ka cika taurin kai." Ya ce, "Ni?" Munka yi dariya, faɗa ya ƙare.

Munka koma wurin tsofaffin soja da hoton. Ɗaya daga cikinsu ya ce in maganar jikin jirgi ce, mu nemi wani tsohon Sarjan bakanike a Barmou, shi ya yi aiki a kansu har ranar da anka daina tashi da su anka sare su, kuma an ce ya kwaso wasu tarkace ya kawo gida. Ranar kasuwa munka shiga mota, ni da Mushe da jirginmu cikin kwali, ba fenti a jikinshi.

Munka same shi ƙarƙashin rumfa, tsoho tukuf, kunne ya yi nauyi, sai an ɗaga murya. Ban ambaci Magaji ba, tsoro nake ji. Na ce dai launin jirgi muke nema. Ya juya ɗan jirgin a hannunshi yana murmushi, ya ce wutsiyar ta yi daidai. Sa'an nan ya nuna bayan gida da sanda ya ce, "Launi ba a baki yake ba. Ga shi can bisa rumbuna, shi ne murfi. Ya fi shekara talatin ruwa bai taɓa shiga mini hatsi ba."

Na duba, ga wani ɗan farantin ƙarfe an danne shi da dutse a bakin rumbu. Anka ce a jira ɗanshi ya dawo daga kasuwa ya hau. Wa zai jira? Na jawo tsani na kafa. Mushe na cewa, "Malam, gwiwarka! Mi zan ce wa iyalinka?" Ni kuwa na riga na kai. Na ɗaga dutsen, na sauko da murfin ina haki. Girman faifai, da ramukan ƙusa a gefe. Rana ta cinye fentin ya koma fari-fari kamar gari. Na rufe ido na shafa da yatsu, yadda nake yi wa ƙofar mota in ina neman tsohon rubutu. A tsakiya na ji ɗan tudu, siriri.

Na ce a ba ni ruwa da toka da tsumma. Na zauna a ƙasa na ɗora shi bisa cinya, na shiga gogawa a hankali, don in ka matsa sai ka cinye har abin da kake nema. Farin ya tafi, kore ya fito, kore mai duhu irin na ganyen da ya ƙoshi. Mushe ya ce, "Ga launinmu!" Na ce ya yi mini shiru. Na ci gaba. Koren ya fara sirancewa, sai ga wani farin layi ya leƙo daga ƙarƙashi. Yatsa ɗaya. Na ƙara ruwa. Na biyu, na uku. Na gangara ƙasan dunduniya, ɗigo ya fito. Na goga gefenshi, ba kome. Na ƙara toka na goga, zufa na ɗiga a kai. Sai ga na biyun, ɗan ƙarami, ya ɗan karkace, kamar yadda ƙarfen Baba ke fitar da shi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ɗaga murfin sama da hannu biyu ina cewa, "Allahu akbar! Mushe, mi ka gani? Faɗi da bakinka!" Mushe ya cire tabarau yana share ido ya ce, "Na gani, Malam. Ƙafar zabo da ɗigo biyu." Na ce, "Ƙara faɗi, ban ji ba!" Matan gidan sunka leƙo sun ɗauka faɗa ake.

Sarjan bai motsa ba, kallona kawai yake. Ya ce, "Kai mi kake ga mai wagga shaida?" Na ce, "Ƙanenshi ne ni." Sai ya ce in matso kusa. Ya ce shi da Magaji ɗaki ɗaya sunka zauna. Ranar da anka ce jirgin Tahoua zai yi, Magaji ya roƙi a sa shi cikin masu rakiya, anka ce ba layinshi ba ne. Sai ya tuɓe riga ya shiga cikin masu lodi, aikin da ba nashi ba, ya yi ta ɗaukar buhuna har bayanshi ya saɓule. Da anka tafi cin abincin rana, ya ɗauko farin fenti da gashin kaza ya zagaya gefen da manya ba su bi.

"Na ce mishi, kai mahaukaci ne, wa zai zagayo nan ya gani? Mutane duk can gefen ake tsayar da su. Ka san mi ya ce mini?" Na girgiza kai. "Ya ce, ina da ƙane, ba ya tsayawa inda anka ce a tsaya."

Nan fa na zauna daɓas. Ni da ban yi kuka a gaban mutane ba tun ranar marin nan, na yi shi a gidan baƙo, da furfurata, kuma ban ji kunya ba. Daɗi ne ya yi mini yawa.

Sarjan ya ce da jirgin ya koma anka gano zanen, Magaji ya sha kwana takwas a kulle, anka sa shi ya shafe da hannunshi. Ya shafe, amma bai kankare ba, fenti kawai ya ɗora a kai. Da anka zo sare jirgin shekaru bayan rasuwarshi, Sarjan ya kwance wannan ƴar ƙofa ya ɓoye, don ya san abin da ke ƙarƙashi. Ya ce, "Na yi niyyar in nemi gidanku. Amma ya faɗa mini tsohonku ba ya son jin sunanshi, na ji tsoron in tayar da abin da ya kwanta. Yau, gobe, har tsufa ya kama ni. Ka yafe mini." Na ce, "Baba Sarjan, kai da ka adana mini gaskiyata bisa rumbu? Ni ke da godiya." Ya ce in tafi da ita, amma fa in kawo mishi wani murfin kafin ruwa ya sauka. Na ƙera mishi sabo na kwano, na yi mishi fenti har hawa uku.

Sauran aikin ya zo da sauƙi. A gefen murfin, inda wani ƙarfe ya danne fentin rana ba ta taɓa shi ba, munka samu koren na asali da ruwan tokar, na dama nawa har sai da na ɗiga a kai ya ɓace ba a bambancewa. Mushe ya zana tutarmu da haruffan wutsiya da awo, yana fitar da harshe kamar ɗan lakwal. Shaidar kuwa, da anka rage ta sau saba'in da biyu, ba ta fi ƙwayar gero ba. Ba buroshin da zai iya. Na tsinko gashi guda daga wutsiyar jakin mai ruwa, na ɗaure a tsinke, na riƙe numfashi. Sau biyar ina yi ina gogewa, na shida ta zauna. Mushe ya aika wa Baturen hoton murfin, shi kuma ya amso cewa a duk abin da ya tara ba shi da kamarshi, yana roƙon izini ya sa cikin nashi kundi. Na ce a faɗa mishi ya sa, amma ya rubuta cewa gefen dama ne.

Saura mutum ɗaya. Yaya tana nan da ranta a ƙauye, ta tsufa, ido ya yi hazo, baki kuwa yana nan yadda yake. Na isa da hantsi, ta ji muryata ta ce, "A'a, Nagani, yau kuma mi ka gano muna?" Matan gida sunka yi dariya kamar kullum. Na aza mata ɗan jirgin a hannu, ta shafa ta ce, "Tsufa ya mayar da kai wasan kara?" Sai na karɓe, na aza mata murfin bisa cinya, na kama yatsanta na ɗora a kan farin layin.

Ta bi shi da yatsa. Ta kai shi dab da ido ta juya wajen haske. Dariyar gidan ta mutu. Ta ce a ɗauko mata ƙwaryar awon Baba da ke rataye a ɗakinta, ta ajiye su gefe da gefe, hannu ɗaya nan, ɗaya can. Na ji tana ƙirgawa a hankali, "Ɗaya. Biyu." Na ba ta labarin Sarjan tun daga lodi har maganar ƙanen da ba ya tsayawa. Ta ce, "Wato dawar nan da na tuƙa, shi ya ɗora ta da bayanshi?" Na ce shi ne. Ta ce, "Baba kuwa ya ci. Har ƙari ya nema ranar." Ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na rawa. Na ɗauka kukan zai daɗe, sai kawai tsohuwar nan ta yaye gyalen, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, irin wadda ba a yi wa Magaji ba don bai yi aure ba. Maƙwabta sunka cika gidan suna tambayar wa ya haihu.

Ta ɗaga murfin tana nuna musu ɗaya bayan ɗaya, tana cewa, "Ku duba da kyau. Ɗan'uwana bai manta da mu ba, wanga kuma bai yi ƙarya ba. Ni na laƙa mishi suna, ni ce kuma yau na cire." Na ce, "A'a, Yaya, bar mini abuna. Shekara hamsin ina ɗauke da shi yana yi mini nauyi, sai yanzu da ya yi daɗi za ki karɓe?"

Murfin na can wurinta, rataye kusa da ƙwaryar Baba. Ɗan jirgin kuwa sati yake a gidana, sati a gidan Mushe, kuma duk inda yake gefen dama muke juyowa wajen ƙofa. Jiya wani tsohon abokin kiwona ya hango ni a kasuwa ya ƙwala mini kira daga nesa, "Nagani!" Na tsaya tsakiyar hanya, na amsa da ƙarfi har masu tumatir sunka waiwayo.